Akwatin shuka mai ɓoye tukunyar gas: tambayoyi da amsoshi kan gininsa da na'urar gano yoyo

Gidaje da yawa sun fitar da tukunyar gas daga kicin, an ajiye ta a waje an zura tiyo ta bango. Dabara ce mai kyau, sai dai tukunyar na shan rana da ruwan sama, yara na taɓa kanta, ga ta ba kyan gani a tsakar gida. Shi ya sa wasu ke gina mata ɗan ɗaki a ƙasa, a yi wurin shuka a samansa, a saka na'urar da za ta yi ƙara idan gas ya fara yoyo. Amsoshin nan an gina su ne a kan tukunya mai kilo 12.5 da sensa, wato ɗan abin da ke jin gas a cikin iska, mai lamba MQ-6.

Rufe tukunyar gas a cikin akwati ba shi ne haɗarin ba?

Shi ne, idan an rufe ta ruf. Gas ɗin girki haɗin furofen ne da butan, kuma dukansu sun fi iska nauyi: furofen kusan ninki 1.5, butan kusan ninki 2. Idan ya fita daga tukunya ba sama yake yi ba, gangarawa yake kamar ruwa, ya nemi wuri mai zurfi ya kwanta. Yana fara kamawa da wuta ne idan ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar wurin.

A yi lissafi da ɗakin da za mu gina, mai faɗin santimita 50, zurfi 50, tsayi 95. Idan an cire wurin da tukunyar ta ci, iskar da ta rage kusan lita 200 ce. Kashi 2 cikin 100 nata lita 4 ne na gas, wato giram 10 ko ƙasa da haka, daga cikin kilo 12.5. Ɗan tsagin da ke jikin tiyo ya isa ya tara wannan idan babu mafita.

Don haka abin da ke tsare gida shi ne ƙofofin iska da ke ƙasan ɗakin. Sensa sanarwa kawai take yi. Wanda ya toshe ɗakin yana cewa ai akwai na'ura, gara ya bar tukunyarsa a fili yadda take.

A ina ya kamata a gina shi?

A wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, a kan ƙasa madaidaiciya ko ɗan tudu. Ƙa'idar da ake bi a Ingila wajen ajiye irin waɗannan tukwane a jikin gida tana da sauƙin riƙewa: aƙalla mita 1 daga ƙofa, taga da duk abin da ke iya tartsatsi, sannan mita 2 daga bakin magudana ko ramin da gas zai iya gangarawa ciki. A gidajenmu wannan ya haɗa da kwata, bakin sokawe, rijiya da ramin famfon tura ruwa. Janareta, mitar wuta, injin sanyaya ɗaki da murhun gawayi su ma a nisanta, kuma mita 1 ɗin nan mafi ƙaranci ne, ba wai shi ake nema ba.

A guji bangon yamma. A watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato yana wuce digiri 40 a inuwa, bangon da ranar la'asar ke duka kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Matsin furofen a cikin tukunya yana tashi daga kusan ba 8 (ba shi ne ma'aunin matsi, bar) a digiri 20 zuwa kusan ba 14 a digiri 40, kuma ita ma sensar iyakar zafin da aka yi ta don shi digiri 50 ne. Lungun da ke tsakanin gida da katanga, wanda iska ba ta motsi a cikinsa, shi ma bai dace ba ko da yana da inuwa.

Bulo, ƙarfe ko katako?

Bulo. Ba ya cin wuta, gara ba ta cinsa, yana ɗaukar nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma cikinsa ya fi sanyi. Firam ɗin ƙarfe da raga yana yi idan wurin na da inuwa duk yini. Katako a bar shi.

Yaya awon yake, kuma me za a tanada?

Tukunya mai kilo 12.5 faɗinta kusan santimita 30 ne, tsayinta tsakanin 55 da 60, amma kamfani ya bambanta da kamfani, saboda haka a auna ta gida da regileta a kanta. Ana son ratar da hannu zai shiga ya rufe bawul ba tare da an jawo tukunyar ba.

Da farko a zuba daɓen kankare mai faɗin santimita 80 da zurfi 65, kauri 10, ya ɗara ƙasan tsakar gida tsayi, ya ɗan karkata zuwa ƙofa. Kada a kuskura a haƙa rami a nutsar da ɗakin don a rage masa tsayi. A ɗora layi 4 na bulo mai inci 6 a ɓangarori 3, gaba a bar wa ƙofa. Bulo 16 zuwa 18 sun isa. A layin farko, a kwantar da bulon gefen dama da na hagu a kan haƙarƙarinsu, yadda ramukansu za su leƙa waje daidai da daɓe. Ƙofofin iska ke nan, ba sai an sayi komai ba. A layin ƙarshe ma a bar ƙananan ramuka don zafi ya fita. A rufe ramukan da ragar waya mai ido kusan milimita 6 saboda ɓeraye da macizai. Ragar sauro ba ta yi, ƙurar hunturu na toshe ta cikin 'yan makonni.

Rufin ɗakin shi ne gindin wurin shuka: kankare mai kaurin santimita 7 zuwa 8, da rodi mai milimita 10 a jere tsaye da kwance, tazarar santimita 15. Kwaɓin ma'auni 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. A yi ta yayyafa masa ruwa kwana 7, kada a ɗora ƙasa sai ya yi mako 3 zuwa 4. A samansa a zagaye da bulo mai inci 4 layi ɗaya. Buhu 2 na siminti sun ishi aikin duka har da filasta.

Ƙofa kuwa mai walda zai yi ta da ƙarfen kwana da raga mai kauri. Aƙalla rabinta na ƙasa ya zama raga zalla, kuma kada a yi mata dokin ƙofa da zai tare gas. Sakata ta isa ta hana yara. Idan dole sai an sa kwaɗo saboda ɓarayi, makullin ya zauna a wurin da kowane babba a gidan ya sani.

Ramin da bututu zai bi ya shiga kicin a yi shi a sama, a toshe gefensa da siminti sosai. Idan tazarar ta wuce mita 2, a sa mai aikin gas ya ja bututun jan ƙarfe, a bar tiyo gajere a kowane ƙarshe.

Ruwan ban-shuka ba zai zubo wa tukunyar ba?

Nan ne mafi yawan irin wannan gini ke lalacewa, ba a wajen lantarki ba. Ruwan da ya ratsa ƙasa mai taki yana ɗauke da gishiri, yana cin ƙarfe. Idan yana ɗiga a kan regileta ko yana taruwa a gindin tukunya, tsatsa za ta fara daga zoben ƙasa, wurin da ba a cika dubawa ba.

Tun wajen zuba rufi a ba shi gangara ta santimita 1 zuwa 2 zuwa kusurwa ɗaya, a dasa bututun roba mai inci 1 ya fita ta gefe, ya sauka har ƙasa nesa da ƙofofin iska. A yi wa cikin wurin shukar filasta mai maganin hana ruwa ratsawa. Mafi sauƙi kuma shi ne kada a zuba ƙasa a kan kankaren kai tsaye: a sa baho na roba ko rabin jarka, a huda ta gefe ɗaya daidai bakin bututun, a shimfiɗa tsakuwa santimita 3 sannan ƙasa. Kafin a kawo tukunya, a toshe bututun a cika wurin da ruwa ya kwana. Idan da safe an ga danshi a ƙasan rufin, aiki bai ƙare ba.

A kula da nauyi. Wurin shuka mai santimita 60 da 45 da zurfin 25 yana cin ƙasa kusan lita 67, idan ta jiƙe ta haura kilo 100. Cakuɗa ta da ɓuntun shinkafa yana rage nauyin.

Me ya sa MQ-6, alhali MQ-2 ta fi yawa a kasuwa?

MQ-2 tana jin gas ɗin girki, amma tana jin hayaƙi da barasa da wasu abubuwan. A tsakar gidan da ake hura gawayi ana tada janareta, ba za ta bar kowa ya yi barci ba. MQ-6 an yi ta ne musamman don furofen da butan, kuma tana aunawa daga kusan kashi 200 ko 300 cikin miliyan har zuwa 10,000. Na'urorin kamfani kan yi ƙara ne a kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na matakin kamawa da wuta, wato daga wajen kashi 2,000 cikin miliyan, kuma wannan yana tsakiyar abin da MQ-6 ke iya gani. MQ-4 ta iskar mitan ce, MQ-7 ta gubar hayaƙi ce, ba su da aiki a nan.

A cikinta akwai ɗan sinadarin kuza da waya mai dumama shi. Idan gas ya taɓa sinadarin yana da zafi, lantarki ya fi wucewa ta cikinsa, sai ƙarfin wutar da ke fita ta ƙafar allon sensar mai alamar AO ya tashi. Abin da ake karantawa ke nan.

A ina za a maƙala ta?

A bangon ciki, santimita 10 zuwa 15 daga daɓe, a kusurwar baya ta ɓangaren da tiyo ke fita. Idan aka sa ta a sama kusa da rufi, gas zai wuce ta ƙarƙashinta ba ta sani ba. Idan aka sa ta a bakin ramin iska, iskar waje za ta riƙa wanke ta. A fuskantar da ita ƙasa a cikin guntun bututun roba mai inci 2 wanda samansa ke rufe, ƙasansa a buɗe, don kada feshin ruwa ko ƙura su sauka a kan ragarta.

Gaskiyar magana, ɗaki mai wadatar iska yana rage wa sensa ji. Ranar da ake iska sosai, ƙaramin yoyo zai fice ba ta lura ba. Wannan ba laifi ba ne, tunda gas ɗin da ya watse ba ya fashewa. Lokacin da ake buƙatarta shi ne dare marar iska, kuma a lokacin tana ji.

Ita kanta sensar tana zafi. Ba za ta tada wuta ba?

Wayar da ke dumama ta tana cikin raga mai ninki biyu ta ƙarfe marar tsatsa, wadda aikinta hana wuta fitowa. Idan ragar ta lotse ko ta yage, a jefar da sensar. Abin tsoro shi ne sauran kayan: caja, soket, makunni, rile (makunnin da lantarki ke sarrafawa), batir da wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. Ko ɗaya kada ya shiga ɗakin tukunya. Sensa kaɗai ke ciki, wayoyinta a yi musu dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Sauran su zauna a akwatin roba mai hana ruwa, irin mai lamba IP65, a sama, aƙalla mita 1 daga ɗakin, ko ma a cikin gida. Duk da haka, wannan haɗi na gida ne, ba shi da shaidar da ake ba na'urorin da aka ƙera don wurare masu haɗarin fashewa.

Yaya ake haɗa wayoyin?

Allon sensar na da ƙafa 4. VCC zuwa bolt 5, GND zuwa GND, AO zuwa A0 na Arduino Nano ko Uno, wato ɗan allon kwamfuta da zai karanta sensar ya kunna ƙararrawa. DO ana iya barinta, ko da yake wanda ba ya son rubuta manhaja zai iya amfani da ita kaɗai: tana sauyawa idan an wuce matakin da aka saita da ɗan dunƙulen murɗawa da ke bayan allon. Waya mai jijiya 4 ta isa ga tazarar mita 2 zuwa 3. A sa kafasta mai nanofarad 100 tsakanin A0 da GND don karatun ya daina rawa.

Ƙararrawa kada a rataya ta kai tsaye a ƙafar Arduino. A bi ta tiransista 2N2222 da rizista mai om 1,000, kuma a kai ta inda ake kwana, ba jikin akwatin shuka ba. A ƙara ɗan koren ƙwan lantarki mai ƙiftawa, wanda da an kalla za a san na'urar na raye.

Mai amfani da ESP32, allo irin Arduino mai Wi-Fi, ya kula da abu 2. Ƙafafunta ba sa ɗaukar fiye da bolt 3.3, don haka sai an rage wutar AO da rizista 2: mai om 10,000 daga AO zuwa ƙafar, mai 20,000 daga ƙafar zuwa GND. Sannan a zaɓi ƙafa irin GPIO34, domin ƙafafun rukunin ADC2 ba sa karatu idan Wi-Fi na kunne.

A auna wutar a bakin sensar, ba a bakin caja ba. Idan ta sauka ƙasa da bolt 4.8, dumamar ta ragu, karatun ya zama shirme.

Yaya ake saita matakin ƙara?

Sabuwar sensa sai an bar ta a kunne awa 48 kafin a yarda da ita. Bayan nan a maƙala ta a wurinta, ba tukunya, a rubuta karatunta da asuba, da azahar, da dare, har kwana 3. Arduino na ba da lamba daga 0 zuwa 1023, kuma kowane allo da nasa karatun na iska mai tsabta, don haka lambar da aka kwafo daga intanet ba ta da amfani. Idan misali mafi girman karatun ya kai 180, a fara da 300. Sai a ɗauki laita, a danna gas ɗinta ba a kunna ba, daƙiƙa 2 daga tazarar santimita 10. Karatun ya kamata ya zarce matakin cikin 'yan daƙiƙu, ya dawo cikin minti 1 ko 2. Kada a cusa laitar a bakin ragar, gas mai yawa yana kashe mata ji.

Manhajar ta yi abu 4: ta yi shiru minti 3 na farko bayan kunnawa, ta ɗauki matsakaicin karatu 10, ta yi ƙara idan an wuce matakin daƙiƙa 10 a jere, ta kuma yi wata ƙara daban idan karatun ya faɗi kusan 0. Na ƙarshen nan ake yawan mantawa. Idan ɓera ya yanke waya, na'urar da ba ta da shi za ta zauna shiru kamar lafiya lau.

Lambar da wasu ke nunawa a ɗan allo da sunan ainihin adadin gas, ado ne kawai, in dai ba a gwada sensar da gas mai sanannen awo ba. A sake duba saitin da shigowar damina da kuma hunturu, saboda danshi na motsa karatun.

Tana ƙara amma babu yoyo. Me ya jawo?

Kafin a ce babu, a shafa ruwan sabulu a bawul, regileta da ƙarshen tiyo biyu. Idan ba kumfa, a duba waɗannan. Maganin sauro na feshi da turaren gwangwani, yawancinsu furofen da butan ne ke turo su, don haka sensar ba ƙarya ta yi ba. Sai fetur, tina, sabon fenti, kwalta da hayaƙin janareta. Ɗanyen taki ma yana fitar da iska yayin ruɓewa, shi ya sa ake son wanda ya riga ya ruɓe.

Akwai kuma wanda ya fi wannan muni, wato sensa ta daina ji. Tururin silikon, irin wanda ake liƙe gilashi da shi, yana lulluɓe sinadarin ya kurumtar da ita. Kada a yi amfani da shi a cikin ɗakin ko a kan akwatin sensar.

Idan an ɗauke wuta fa?

Sensar na jan kusan miliamfiya 150 dare da rana, kuma ba a kashe ta don tattalin batir, tunda sai da zafi take aiki. Haɗin duka yana cin kusan wat 1, wato awon wat 24 a yini. Fawa banki mai miliamfiya 10,000 da ƙyar ya wuce yini ɗaya. Batir mai bolt 12 da amfiya 7, idan rabinsa ake ci don ya daɗe, yana kai kusan kwana 2. A haɗa shi da farantin sola mai wat 20 da na'urar daidaita caji, a sauke wutar zuwa bolt 5 da LM2596, ɗan allon rage ƙarfin wuta. A saita LM2596 da mita kafin a jona komai, domin sau da yawa tana zuwa a buɗe sama da bolt 5.

Za ta iya turo saƙo a waya, ko ta rufe gas da kanta?

Saƙo yana yiwuwa da ESP32 ko SIM800L, ɗan allon da ake sa wa layin waya, sai dai SIM800L na son bolt kusan 4 da wutar da ke iya kai amfiya 2 lokaci guda, in ba haka ba ta yi ta mutuwa tana tashi. Bawul mai rufe kansa kuwa a sayi wanda aka yi don gas, mai sana'ar ya ɗaura.

Me za a shuka?

Masu gajeriyar saiwa: na'a-na'a, ɗaɗɗoya, latas, alayyahu, albasa mai lawashi. Ana cinsu ba matsala, gas ba ya shiga ganye. A guji masu yaɗo irin dankali da kabewa, za su sauko su rufe ƙofofin iska. Busasshen ganyen da ya zubo a share shi, kuma ɗakin tukunya ba wurin ajiye tsintsiya, tsumma ko buhun taki ba ne.

Idan ta yi ƙara da gaske me za a yi?

Kada a kunna ko a kashe makunnin wuta, kada a tada janareta, kada a haska da ashana. A kashe duk wutar da ke ci a kusa, a janye yara, a buɗe ƙofar ɗakin, a rufe bawul. Idan tiyo ne ko regileta, yoyon zai tsaya. Idan ya ci gaba daga bawul ɗin kansa, a fitar da tukunyar a tsaye zuwa fili nesa da kwata in ana iya yin haka lafiya, a nisanta, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112 daga nesa.

Wace kulawa yake buƙata, kuma ya isa shi kaɗai?

Bai isa ba. Wannan sensar ba ta san abin da ke faruwa a kicin ba, inda miya ke tafasowa ta kashe wuta gas na ci gaba da fita. Can sai na'urar kamfani mai shaidar EN 50194 ko UL 1484, a maƙala ta ƙasa-ƙasa kusa da murhun gas.

Duk wata a yi gwajin laita, a goge ragogi da busasshen buroshi, a zuba ruwa a ga bututun magudana na gudu. Duk sauyin tukunya a yi gwajin sabulu, a leƙa ƙaramar robar da ke cikin bakin bawul, domin ita ce ke yawan tsagewa ko ɓacewa wajen ɗura gas. Tiyo a lanƙwasa shi a duba tsagi, kada ya wuce shekara 5 daga ranar da ke rubuce a jikinsa, mai shan rana kuwa ba ya kai haka. Tukunya a Najeriya wa'adinta shekara 15 ne a ƙa'idar hukumar SON, kuma shekarar ƙira na buge a jikin mariƙinta. Ita kuwa MQ-6 da ke zaune a waje cikin ƙura da danshi, a canza ta duk shekara 2, ko da zarar gwajin laita ya fara jinkiri, a kuma rubuta ranar da aka sa sabuwar a cikin murfin akwatin lantarki.